Mama Angelina da Tulunta a Birmingham

A majami'ar 'yan Arewa da ke taruwa a wani zauren haya a Salford, kusa da Manchester ta ƙasar Ingila, babu wanda bai san hannun Mama Angelina ba. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, ita ke jefa baiti sauran su amsa. In amshi ya zo mata a karkace ba ta ɓata bakinta. Hannun dama kawai take ɗagawa sama kamar ɗan sandan kan titi, tulun kiɗa ya yi shiru, caki ya yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Daga farko." Ta taɓa tsayar da matar fasto ana tsakiyar sujadar sabuwar shekara. Shi kuwa faston, tun daga ranar ya koma motsa leɓe kawai in mata sun tashi waƙa.

A wani ƙauye kusa da Bukuru aka haife ta, a gidan da waƙa ta zama gado. Uwarta ce ke ba da waƙa a majami'ar garin, ita kuma tun tana 'yar mitsitsiya take tsayawa a bayan mata tana amshi. A nan ta koyi abin da har yau ba wanda ya isa ya ɓamɓare mata shi daga ka, wato waƙa ba ta mutum ɗaya ba ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da za ta biyo mijinta Tomas Ingila, aka ce kayanta sun yi nauyi. Ta zube takalma da gwangwanin man shanu a filin jirgi, ta rungume tulun kiɗanta naɗe cikin zannuwa har Manchester.

Yanzu a gidan kula da tsofaffi take aiki. Tana taje musu kai tana rera musu waƙa, har ta kai akwai tsofaffin Turawa a gidan da sun mance sunayen jikokinsu amma ba su mance amshin Mama Angelina ba. Dakta Zinatu, maƙwabciyarta da suke musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, ita ma ta haddace waƙoƙin ta cikin bango, ba da son ranta ba. Tomas direban tram ne, wato jirgin ƙasan cikin gari, mutumin kirki, amma muryarsa sai addu'a. Tun makon aurensu ta yafe masa waƙa har abada, shi ma ya karɓi afuwar hannu bibbiyu.

Mutum ɗaya ce ba ta amsa mata, kuma wannan ɗayar ita ke ci mata rai. 'Yarta ce tilo, Delight. Yarinyar a Manchester aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Turancin 'yan unguwa mai fita ta hanci. Tana ƙarama takan tsaya a bayan mata ta yi amshi da iya ƙarfinta. Wata Lahadi harshenta ya karkace kamar kullum, uwar ta ɗaga mata hannu a gaban jama'a. Daga ranar Delight ta rufe bakinta. Mama Angelina in an tada zancen sai ta ce, "Gyara na yi mata, ai ba duka ba ne." Amma a ranta abin yana mata ciwo, don ta san waƙar da ba mai amsawa a gida, ranar da mai ita ta kwanta dama tare za a binne su.

Ba wai yarinyar ta bar kiɗa ba ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ta shiga jami'a ta koma wani gidan ɗalibai a unguwar Fallowfield, sai ga ta da jita mai ƙatuwar murya a wata ƙungiyar masu kiɗan rock. Uwar ta je kallonsu sau ɗaya a unguwar Withington. Ta dawo ta ɗaure kai da ɗankwali, ta ce wa Tomas ta zaci rikici ne ya ɓarke a layin maƙera.

Wata Lahadi a watan Nuwamba Delight ta zo cin shinkafa. Ta yi ta juya cokali, can ta yi magana idonta a kan faranti. Ta ce wata ƙungiyar agaji da ke nema wa marasa gida makwanci lokacin sanyi tana tara mawaƙan pop da na rock, kowa ya yi waƙar Kirsimeti guda, a haɗa faifai ɗaya a sayar. An ba su gurbi. Sauran duk waƙar ƙanƙara da ƙararrawa za su maimaita, su kuwa abokanta sun taɓa jin muryar uwarta ta waya tana waƙa a kicin, sun nace sai an kawo ta.

"It's just one song, Mum. Wannan ta baƙi ɗin, wadda kika yi da kanki. A Birmingham za a yi recording. You don't have to."

Mama Angelina ta ce za ta duba jadawalin aikinta ta gani. Tana rufe ƙofa bayan yarinyar ta taka rawa daga falo har kicin.

To, a nan gizo ya yi saƙa. A inda ta fito, in an gayyaci mai ba da waƙa an gayyaci zumunta ke nan, ba sai an faɗa ba. Matan Salford suna da aiki ranar, don haka ta ɗaga waya ta kira Mama Justina, shugabar zumuntar matan Birmingham. Tomas ya ce, "Maman Delight, kin dai tambayi yarinyar nan ko mutum nawa suke so?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce yaushe ya fara sanin harkar waƙa. Ya koma kan shayinsa.

Ranar Asabar suka kama hanya a motar 'yan ƙungiyar, Mama Angelina a gaba, tulu a cinya, kular shinkafa a ƙarƙashin ƙafa, don ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ɗakin ɗaukar waƙar yana ƙasan wata tsohuwar masana'anta. Suna shan kwana Delight ta dafe kai. Ga matan Birmingham nan a bakin ƙofa sun jeru cikin anko, ɗaurin kai ya tashi sama, rigunan sanyi a kan zannuwa, kowace da cakinta a hannu.

"Mum. What have you done?"

"Me na yi? Masu amshi ne."

Mai ɗaukar sautin wani Bature ne mai gemu har ƙirji. Ya fito ya ga taron, ya koma ciki, ya sake fitowa ko zai ga sun ragu. Cikin ladabi ya nuna musu inda mawaƙi ke tsayawa, wani ɗan akurki mai tagar gilashi, wanda ko Mama Justina ita kaɗai sai ta shiga a kaikaice. Aka zaunar da matan a baranda tare da wasu samari masu zane a jiki da ƙarafa a hanci, da ke jiran layinsu. Kafin a jima an buɗe kula, samarin nan na cin shinkafa suna share hawayen yaji, Mama Justina na tambayarsu ko iyayensu sun san inda suke.

A ciki kuwa aka fara kwance wa Mama Angelina kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. A cire warwaro, yana ƙara. A ajiye tulu, daga baya za a ɗauke shi shi kaɗai. A tsaya a kan wannan alamar, kada a ja ƙafa. Aka kifa mata wasu manyan abubuwan ji a kan ɗankwali, suna mata ƙas, ƙas, ƙas a kunne, wai wannan za ta bi. Ita da ta shekara arba'in ana bin ta. Ta haɗiye, ta ce ba komai, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Aka ja ƙofa.

Kiɗan yaran ya shigo mata kunne, ta ji ashe in sun sassauta ba laifi. Ta cika ƙirji ta jefa baitin farko:

"Maryamu ta gaji, tafiya ta yi nisa."

Ta saurara. Wurin da ya kamata mata su ce "Ku shigo, akwai wuri" ya zo ya wuce fayau, ba kowa sai ƙas, ƙas, ƙas. Ta kasa jefa baiti na biyu.

Muryar mai gemu ta shigo kunnenta. Ya ce ta bar gurbin kawai ta ci gaba, za su cike daga baya.

"Wa zai cike?" ta ce. "Excuse me, ni da wa nake magana yanzu? A garinmu mai waƙa shi kaɗai a ɗaki, addu'a ake kira a yi masa."

Yaran suka yi dariya a bayan gilashi, ban da Delight. Aka sake. Ta jefa, shiru ya amsa. Aka kuma sakewa. Duk jefawa muryar sai ta ƙara ƙanƙancewa, har ta koma kamar ta mai roƙon gishiri a gidan da ba a shiri. Gumi ya keto mata a tsakiyar sanyin Birmingham. Tunda take ba ta taɓa jin tsoron waƙa ba sai yau. Ta ɗaga ido ta hango 'yarta zaune kusa da mai gemu, kai a sunkuye, tana murza igiyar jita. Zuciyarta ta karye. Sau ɗaya tak yarinyar nan ta nemi wani abu na waƙa a wurinta, ga shi ta cika mata baranda da mata, ta kuma kasa buɗe baki a gaban abokanta. Ta kai hannu za ta cire abin kunnen.

Mai gemu ya roƙe ta a gwada na ƙarshe. Ta rufe ido, don kada ta ga gilashin, ta jefa ba da wani sa rai ba:

"Maryamu ta gaji, tafiya ta yi nisa."

"Ku shigo, akwai wuri."

A tsakiyar kanta ta ji shi. Siririyar murya ce mai rawa, kuma a karkace take tun daga farko har ƙarshe. "Wuri" ɗin nan a Manchester aka haife shi. Ta buɗe ido. Delight ta danne maɓallin da mai gemu ke yi wa uwar magana da shi, ta sunkuya a kansa, idonta ƙur a kan uwar, irin kallon mai jiran hukunci.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Hannun dama na Mama Angelina ya fara tashi da kansa, ya kai kafaɗa. Ta ga yarinyar ta ga hannun. Sai ta kai shi fuska ta share ido, ta jefa na biyu:

"Yusufu ya ƙwanƙwasa, kowa ya ja ƙofa."

"Ku shigo, akwai wuri."

Mai gemu ba wawa ba ne. Ya miƙa hannu a hankali ya jawo makirufo ya ajiye a gaban Delight.

Daga nan fa ba mai tsayar da ita. An ce mata waƙar kada ta wuce minti uku, amma mai ba da waƙa in ta samu mai amsawa ba ta san agogo ba. Ta gama da Baitalami ta shigo Ingila. Ta sa masu kwana a bakin shaguna cikin jakar barci, ta sa tsofaffinta na wurin aiki da ba mai zuwa duba su, ta sa ɗalibin da bai da kuɗin jirgin komawa gida. Har mai gemu da gemunsa sai da ya samu baiti. Alamar da aka ce ta tsaya a kai kuwa tuni ƙafafunta suka manta da ita. Duk abin da ta jefa, amshin yana dawowa, yana ƙara ƙarfi, bai kuma miƙe ba ko sau ɗaya.

Da aka gama aka shigo da matan Birmingham bibbiyu, suka sa tulu da caki da tafi, wata ta rangaɗa guɗar da ta sa mai gemu ya fizge abin kunnensa. Sannan aka cunkusu a ɗakin, har da samarin baranda, aka saki waƙar kowa ya ji.

Mama Justina ta saurara tana gyaɗa kai. Ita ma ba ta iya ganin karkatacce ta ƙyale ba. Ta ce kiɗa ya yi, baiti ya yi, saura amshi a ɗora na gaske. Mai gemu ya ce wannan ba wuya, zai goge na Delight matan su shiga su yi sabo. Delight ta ɗauki jitarta ta fara cusawa a jaka, ta ce da Turanci ai dama na wucin gadi ne.

Duk ɗakin aka zuba wa Mama Angelina ido, matar da ta tsayar da matar fasto.

"A bar shi haka," in ji ta.

"Haba Maman Delight," Mama Justina ta ce, "faifai ne fa, duniya za ta ji. 'Wuri' ɗin nan ai bai fita ba."

Mama Angelina ta karɓi tulunta ta fara naɗe shi a zani. Ta miƙa wa Delight ta riƙe mata, abin da ko Tomas ba ta taɓa ba shi ya riƙe ba.

"Ya fita," ta ce. "Ni aka amsa wa, kuma na ji."