Malam da Ƙararrawarsa a Titunan Mansura

Kirrin-kirrin! Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Mansura ta Doha ya san wannan ƙarar. Ka ji ta a bayanka, ka yi tsalle ka ba keke hanya, ka waiwaya, babu keke. Sai wani dogon tsoho da babbar riga yana tafe a ƙafa, hannu ɗaya cikin aljihu, fuskarsa kamar ba shi ba. To wannan shi ne Malam, mijina. Ku kuna ce masa Baba Ƙararrawa. Ni bakina bai taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuma zai fara yanzu ba.

Ban yi boko ba. Matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa ina share ido, saboda haka in magana ta karkace, kuka ne ya karkata ta. Na sa a rubuta ne don tun da na fita takaba kowa tambaya ɗaya yake mini: "Hajiya, Funtuwa za ki koma, ko zama za ki yi?" Ɗana Injiniya ya riga ya faɗi nasa. Ya ce in zan zauna, kada in fita ni kaɗai, don shi da matarsa wuni suke a wurin aiki, kuma babban titin da ke gaban gidanmu ba na tsohuwa ba ne. Gaskiyarsa, ban taɓa tsallaka shi ba sai da gefen rigar Malam a hannuna. Ga shi masallacin da muke karatun mata da gidan ƙawata Hajiya Rabi duk suna wancan tsallake. Zama a ɗaki kamar buhun gero ba zan iya ba. In tafi in bar kabarin Malam a ƙasar mutane, shi ma ba zan iya ba. Amsata tana zuwa, amma bari in fara da mai ƙararrawar.

A Funtuwa gyaran keke yake yi a bakin tasha, tun ina amarya. Aikin ido ya kawo mu Doha, Injiniya ya yi mana takardu, muka zauna. Ranar da aka kwance wa Malam bandeji, abin da sabon idon ya fara hangowa shi ne wani tsohon keke a jingine a ƙofar kantin unguwa. Kafin la'asar keken ya zama nasa.

Injiniya ya ce, "Baba, nan fa ba Funtuwa ba ce. Motocin garin nan ba sa wasa."

Malam ya ce, "Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Ƙafa ta girmi taya, taya biyu ta girmi huɗu. Ƙarami shi ke jiran babba."

Haka ya hau. Ba gefen titi yake bi ba, a'a, tsakiya, a hankali, riga tana kaɗawa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Motoci su jeru a bayansa tun daga kan kwana har shataletale. Direbobi su leƙo suna ihu, "Yalla! Yalla, ya haj!" Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ɗaya ya ce, "Amin! Amin summa amin!"

Ya dawo gida yana murna. "Hajiya, ashe ƙarya ake yi wa mutanen ƙasar nan. Akwai tsoron Allah! Daga nan zuwa masallaci addu'a aka yi ta yi mini. Har da wanda ya fito da hannu ta taga yana ɗagawa sama."

Muna da maƙwabci, Isiyaka, mutumin Zangon Kumasi, direban bas ne na wani kamfani. Hausarsa irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji, kullum sai ya ce mini, "Hajiya ya kwana lafiya?" Shi ne ya ga ya kamata a taimaki tsoho.

"Baaba, ba Ya Allah suke cewa ba fa. Yalla suke cewa. Wai ka yi sauri, ka kauce!"

Malam ya kalle shi sama da ƙasa. "Isiyaka, kai ka ji yalla, ni na ji Ya Allah. Tsakanina da kai, wa ya samu lada?"

Ni kuwa na ga gefen gemun Malam yana motsi. Tsohon nan! Tun ranar farko ya san abin da suke nufi.

Dokar tasa ta ƙafa da taya kuwa, sai ka zauna da shi za ka gane inda ta dosa. Wata Juma'a da safe ya hau keke ya je sayen gurasa, ya dawo yana huci. "Masu tafiya a ƙasa ba su da ido! An ɗaure su da waya kamar akuya da turke. Mutum ya faɗo maka titi, ƙeyarsa ce kawai ke kallonka!" Da azahar ya tafi masallaci a ƙafa, wani yaro mai kai abinci ya gifta shi a kan keke har iskar ta kusa cire masa hula. Ya dawo yana cewa, "'Yan keke! Marasa tarbiyya! Wa ya ce musu dakalin mutane hanyarsu ce?" Da yamma Injiniya ya ɗauke mu a mota za mu gaida wasu 'yan'uwa a Mu'aither. Wani bawan Allah ya shigo titi yana tsallakawa a hankali. Malam, da ke gidan gaba, ya miƙe zaune.

"Danna masa hon! Dubi yadda yake tafiya, kamar titin gadon kakansa ne!"

Injiniya ya ce, "Baba, ai kai ka ce ƙafa ta girmi taya. Ƙarami ke jiran babba."

"Ta girme ta mana. Amma yanzu babban yana cikin mota."

Wallahi sai da Injiniya ya tsaya a gefe, dariya ta hana shi tuƙi.

Ranar da dariyar ta yanke ita ce ranar da gefen rigarsa ya shiga sarƙar keke a shataletale. Ya faɗi warwas, wata ƙatuwar farar mota ta ja birki har hancinta ya kusa taɓa takalminsa. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta ƙuje. Injiniya ya dawo daga aiki idonsa jajir.

"Halas, Baba. Magana ta ƙare. Ba kai ba keke."

Na zaci za a yi yaƙi. Sai Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "To. Ɗa ya girma. A bar ni dai in sauka in yi sallama da shi." Tausayi ya kama mu duka. Ya sauka ƙasa shi kaɗai, ya jima, ya dawo. Babu wanda ya lura da sukudireba a aljihunsa.

Washegari ina tsaye a ƙofar kicin, sai na ji kirrin-kirrin a bayana. Na yi tsalle har ludayi ya faɗi.

Injiniya ya fito daga ɗaki. "Baba, mene ne wannan?"

"Keke ka hana, na bar keke. Ka ambaci ƙararrawa?"

Daga ranar ya zama abin da kuka sani. Wata rana muna tafe a siririn dakalin nan da ke kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina biye da shi, sai wani mai kai abinci ya taho a bayanmu a kan keke, da akwati a gadon baya. Ya kaɗa ƙararrawarsa, kirrin! Malam bai waiwaya ba, ya amsa daga aljihu, kirrin! Yaron ya kaɗa biyu, Malam ya rama biyu. Ya kaɗa doguwa, Malam ya kaɗa wadda ta fi ta tsawo. Yaron ya gaji ya sauka, ya riƙa tura kekensa a bayanmu kamar ɗan rakiya. Da muka kai kwana ya wuce, yana ta leƙen gaban Malam yana neman inda aka ɓoye keken. Malam ya ce, "Kin gani, Hajiya? Da yarensu kawai suke jin magana."

Labarin masallaci kuwa Isiyaka ne ya kawo mini shi. Wai an kai goshi ƙasa, wuri ya yi tsit, gwiwar Malam ta danne aljihu. Kirrin! Wani ɗan Nepal da ke sahun gaba, yana cikin sujada, sai da ya matsa gefe ya ba da hanya. Da aka sallame liman ya juyo yana neman mai laifi, ya tarar da Malam yana jan carbi, ido a rufe.

Amma akwai abin da ba ku sani ba. In shi kaɗai ne, dokarsa yake bi. In da ni, bai taɓa saka ƙafa a babban titi ba sai an ba mu hannu. Ya danna maɓallin jikin danja ya ce, "Salamu alaikum," sannan mu tsaya jiran ɗan koren mutumin nan da yake kira Malam Kore. In ya bayyana sai ya ce, "Ya amsa. Kama riga." Sai dai Malam Kore bai san ciwon gwiwa ba. Muna tsakiyar titi zai fara ƙyafta ido, motoci su fara gurnani. Nan ne Malam zai fito da ƙararrawa fili, ya ɗaga ta sama yana kaɗawa, yana ce mini, "Kada ki yi gudu, Hajiya. Kin girme su duka."

Duk wanda ya ce mota ce ajalinsa ya sha kunya. A kan dardumarsa ya cika, bayan asuba, carbi a hannu. Da suka gama yi masa wanka, Isiyaka ya kawo mini ƙararrawar a tafin hannu, yana kuka kamar yaro. A aljihun rigar aka same ta.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan duk sun tafi aiki, na zauna ina kallonta a kan tebur. Na ce, ke tsohuwa, yau za a san Funtuwa ce ko Doha. Na sa hijabi, na ɗauke ta, na sauka. Na danna maɓallin, na yi sallama kamar yadda na ga ana yi. Malam Kore ya amsa. Na miƙa hannu zan kama riga, sai na kama iska. Nan hawaye suka zubo, amma na taka.

Ina tsakiya ya fara ƙyafta idon nan nasa, sai ga jan mutumin ya fito. Hon ta ko'ina. Wani ya leƙo daga farar mota yana ihu, "Yalla, hajiya! Yalla!"

Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Kirrin-kirrin! Bakina kuma da kansa ya ce, "Amin!"

Na tafi a hankali, ban yi gudu ba. Ko mota ɗaya ba ta motsa ba sai da na hau wancan dakalin. Ashe bas ɗin Isiyaka tana cikin layin. Ya fito da kai ta taga yana ihu, "Hajiya ya tsallaka! Wallahi Hajiya ya tsallaka!" Kafin in isa gidan Hajiya Rabi ya riga ya buga wa Injiniya waya.

Da yamma Injiniya ya shigo, ya durƙusa a gabana. "Inna, ba na ce kada ki fita ke kaɗai ba?"

Na ce, "Ni kaɗai ka hana. Ka ambaci ƙararrawa?"

Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, muka yi shi tare.

To kun ji amsata, ina nan zaune kusa da kabarin Malam. In kun ji kirrin-kirrin a bayanku, ku ba tsohuwa hanya.

Ya Allah, ka jiƙan Malam, ka yafe masa tsokanarsa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙa tsallakar da ni titi ba gudu ba tsoro, Ya Allah ka tsallakar da shi siraɗi haka. Ku taya ni da amin, jama'a. Shi bai taɓa yi wa kowa rowarta ba.