Babbar Rigata da Ƙafar Kawu

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ina saurayi a Illela, sabon malamin firamare mai ji da kansa. Kawuna malamin allurar shanu ne, kuma a iya sanina babu wanda ya kai shi iya babur a yankinmu. Mutum ne marar hayaniya, tuƙinsa ma haka yake.

Wata rana da farkon damina ya ɗauke ni zuwa ɗaurin aure a Sakkwato. Na caɓa ado da babbar riga da ta sha bugu. Kawu ya dubi gabas, ya ga hadari na haɗuwa, ya ce in tattare rigar in zauna a kanta, in manne da bayansa. Ya ce iskar hadari daga gefe take bugun mai bin wannan hanya, don haka duk inda ya karkata in bi shi. Na amsa da to. Muna fita gari na hango 'yan mata a bakin rijiya, sai na saki rigata don a gani.

Ba mu yi nisa ba iskar ta taso ta hagunmu. Rigar ta cika fam, ta fizge mu zuwa bakin kwalbati. Har yau ina jinjina abin da Kawu ya yi. Bai taka birki ba, bai ƙanƙame kan babur ba, ya kwantar da shi cikin iskar a hankali har muka dawo kan hanya. Ni ne tsoro ya sa na miƙe zaune, na saki ƙugunsa ina kokawa da riga. Da ya ga faɗuwa ta zama dole, sai ya zaɓi wurin yashi, ya karkatar da babur ɗin ya danne ƙafarsa maimakon tawa. Na tashi ko ƙwarzane babu. Abin da ya fara tambaya shi ne mi ya same ni.

Jama'a, wanda ya hau bayan babur shi ma tuƙi yake yi. Ku tattare tufafinku, ku ji maganar mai tuƙi, don ba lallai mai ganganci ne zai ji ciwon ba. Kawu ya yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce iska ce. Yau na faɗa: ba iska ba ce, ni ne.