Mai Kalmasa da 'Yarta Tilo

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiyar a shekarar 1966, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, a garin da ta rayu kuma ta rasu a cikinsa. Mahaifinta ma'aikacin tashar ne, mahaifiyarta kuwa tela ce, kuma a gindin keken ɗinkinta yarinyar ta koyi zura zare a allura tun kafin ta iya rubuta sunanta.

Sana'a

Bayan ta kammala sakandare a 1984, ta buɗe shago mai taga ɗaya, ta duƙufa ga ɗinkin kayan yara. Al'adarta ce ta bar kalmasa mai faɗin yatsu huɗu a gindin kowace riga, domin a warware idan yaro ya ƙara tsawo, kuma duk uwar da ta yi ƙorafin ɓarnar yadi sai ta gaya mata cewa yaro ba ya jiran tela. Daga nan laƙabin Mai Kalmasa ya bi ta har ya danne sunanta na yanka.

Aure da Jarrabawa

A 1988 ta auri wani mai gyaran rediyo, mutum mai sanyin hali wanda rediyoyin shagonsa suka fi shi magana. Suka shekara goma sha biyu tana tufatar da 'ya'yan unguwa, nata ɗakin shiru. A shekarar 2000, sakamakon zubar jini da ya ƙi tsayawa, wata likitar mata ta gano cewa shimfiɗar cikin mahaifarta ta yi kauri fiye da ƙima, irin kaurin da kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Likitar ta ba da shawarar a cire mahaifar a huta, amma marigayiyar, wadda ko ƙyalle ba ta yarda a yar, ta kafe kai da fata sai an gwada magani. Aka yi sharaɗi: za a ba ta magani, a riƙa ɗibar samfuri ana dubawa, idan kaurin ya dawo ko kuma ta haihu, to za a cire mahaifar, ba sauran gardama.

Cikin ikon Allah, a ƙarshen 2001 gwaji ya nuna shimfiɗar ta koma daidai, aka yi mata dashen ciki, wato likitoci suka dasa mata ƙwan haihuwa a mahaifa. Cikin bai zauna ba. Baƙin cikin da ta yi bai fito ta bakinta ba, sai ta ɗinkinta, domin tun daga lokacin ta daina barin kalmasa, tana yanka kowace riga cif da jikin mai ita. Iyaye mata suka yi ta guna-guni, mijinta kuwa ya gane, ya ci gaba da raka ta asibiti.

Haihuwar 'Yarta

Dashe na biyu, a 2002, ya kama, kuma a shekarar da ta biyo baya ta haifi 'ya mace lafiyayya. Duk da haka tsoro bai sake ta ba, rigunan jaririyar ma cif-cif take yanka su, kamar mai gudun yi wa gobe shisshigi. Da ta yaye ta, sai ta kai kanta asibiti ta cika alkawari, aka cire mahaifar, bincike kuma ya tabbatar babu ciwon daji. Bayan ta warke ta ɗinka wa yarinyar riga mai kalmasar da ta kusa kai rabin tsawonta. Mijin ya juya rigar a hannunsa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Yau kika dawo daga asibiti.”

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da sana'arta har idanunta suka raunana, 'yar ta zama mai zura mata zare a allura. Ta aurar da ita a 2023, ta kuma ga jikarta. Ta rasu a 2024 bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, tana da shekara hamsin da takwas, aka yi mata sutura, aka binne ta a maƙabartar da ke kusa da tashar. Ta bar mijinta, da 'ya ɗaya, da jika ɗaya. A ƙarƙashin allurar kekenta an tarar da rigar jikar, ba a kai ga sa mata hannuwa ba, amma an riga an gama kalmasar, yatsu huɗu cur. Allah ya jiƙanta da rahama.