Alkawarin da Lado Ya Yi wa Lantana

Sau biyu Lantana ta yi wa mijinta Lado takaba, amma ta farkon kwana uku kawai ta yi.

A lokacin Lado yana wasan kwaikwayo a gidan talabijin a Kaduna, ita kuwa tana Saulawa da jaririya a goye, ko akwatin talabijin ba ta taɓa gani ba. Wata ranar Talata, a gidan wani malamin makaranta a Ikara, aka kalli wasan da Lado ya fito a manomin da maciji ya sara. Aka nuna shi kwance, an lulluɓe. Wani mai keke ya ɗauko labarin, kafin ya iso Saulawa kalmar "wasa" ta faɗi a hanya. Aka shimfiɗa tabarmi, Lantana ta kwance kitso, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ƙanen Lado, Usmanu, ya tafi Kaduna neman gawa.

Ranar Juma'a mota ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga mamacin ya fito da burodi a hammata, yana tambaya, "Wai wa ya rasu?"

Maza suka watse, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba. Lantana ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta riƙe hannun rigarsa ta ce, "Malam, ka yi min alkawari. Kada ka sake mutuwa a akwatin nan."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ya ce, "Na yi."

Wasan wancan zamani ba a rubuce yake ba. Mai shiryawa zai tara su ya faɗi labarin, kowa ya san abin da zai ce. Da an zo rabon matsayi sai Lado ya ɗaga hannu: "Ni dai ba na mutuwa." To, manyan matsayi yawanci da mutuwa a ƙarshensu. Haka suka riƙa wuce shi, ya ƙare a mai gadi, ɗan aike, maƙwabcin da ke raba faɗa. In ana so a cire shi daga labari sai a ce ya tafi Ikko. Abokan wasansa suka yi suna, shi ya dawo gida noman rake.

Abin ya daɗe yana cin Lantana a rai. Bayan sun tsufa, wata rana yana fere mata rake, ta ce, "Malam, na tare maka hanya. Na yafe alkawarin nan."

"Kin makara, Lantana," in ji shi. "Yanzu wa zai ɗauki mai gadin da ba haƙori?" Ya miƙa mata gaɓar da ta fi zaƙi.

Bara da damina Lado ya rasu, a ɗakinsa, kansa a cinyarta. Wannan karon ba mai keke ne ya gaya mata ba. Aka shimfiɗa tabarmi a inda aka shimfiɗa na da.

Ranar sadakar uku ta faɗo Juma'a. Ana cikin addu'a sai mota ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan gaisuwa ne daga Kudan, kowa ya sani. Ita ma Lantana ta sani. Duk da haka ta gyara mayafi, ta ɗaga kai tana duban ƙofa.