Wayar Taiba a Zaure

Ɗan Asabe mahauci ne, rumfarsa na jikin tawa a kasuwar Talata Mafara tun muna samari. Taurin kai gare shi kamar bijimin Damaga, ga kunyar tsiya. Ban taɓa jin ya kama sunan matarsa Taiba ba, sai dai "mutanen gida".

Da yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye wuƙa, ɗansa Lukman ya zo daga Abuja ya haɗa masa wasu na'urori masu aiki da sola. Wayar Taiba ce makullinsu. Da ta tako zaure da ita, sai fankar ɗakinta ta tashi, ƙwan tsakar gida ya kama, wata 'yar lasifika ta ce, "Inna ta dawo." Ɗan Asabe ya ce shirmen 'yan boko ne. Ƙarya yake yi. Na sha ganinsa yana gyara zaman hula in lasifikar ta yi magana.

Taiba ta rasu da damina. Da aka raba gado, wayar ta faɗa wa 'yarsu Zahra'u mai aure a Birnin Tudu. Ranar sadakar arba'in muna zaune a zaure ta shigo, wayar na cikin jakarta. Fanka ta tashi a ɗakin da ba kowa. "Inna ta dawo."

Wallahi miƙewa Ɗan Asabe ya yi tsaye, har sandarsa ta faɗi.

Lukman ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri, na manta. In cire?"

Wa ke yi wa dattijo irin wannan tambaya gaban surukai da liman? Haushin yaron nan har yau bai sake ni ba.

"Cire mana," in ji Ɗan Asabe. "Mi za ni yi da shi?"

Lukman ya danna ya goge, ya koma Abuja.

Bayan Sallah na je gaishe shi, sai ga Zahra'u ta shigo. Suka gaisa, ya karkata kunne wajen ɗakin Taiba. Can ya ce, "Da wayar kika zo?"

"Tana hannuna, Baba."

"Koma waje ki sake shigowa, a hankali."

Ta fita ta shigo. Ta sake fita, sai na ji kukanta a bayan ƙofa. Shi kuwa ya gyara hula, yana jira.