Kifin Ɗanjummai

Har gobe ina tuna wata Juma'a a Wudil, a shekarun da kuɗin fetur ya fara yawo. Ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kuturta, ƙarƙashin Malam Yohanna, wani Kirista mutumin Kudancin Zariya. Aikinmu raba ƙwayar magani ne duk mako a wata rumfa bakin kasuwa. In likita ya gwada mutum ya ga cutar ta mutu, sai mu ba shi takardar sallama.

Cikin waɗanda muka sallama akwai wani masunci, Ɗanjummai. Ya warke sarai, sai dai yatsu biyu da ya rasa. Amma takarda ba ta sa an sayi kifinsa ba. Duk wanda ya ga hannun sai ya yi gaba, har ya fara tunanin barin garin.

Ranar sai ga shi da kwandon kifinsa na sayarwa, ga kuma soyayyen kifi da gurasa a faranti. Ya durƙusa ya ce ba shi da abin ba mu, godiya ya zo yi. Ba zan ɓoye muku ba, ƙyama ta kama ni, ni da bakina ke gaya wa mutane cewa wanda ya warke ba ya sa wa kowa cutar. Na ce masa na ƙoshi.

Malam Yohanna ya dube ni ya ce, "Malam Habu, a Linjilarmu kutare goma Almasihu ya warkar, ɗaya kaɗai ya dawo godiya. Ga namu ɗayan ya zo, za mu kore shi?"

Ya jawo benci waje, inda duk mai wucewa zai gan mu. Ya yi addu'arsa, ya gutsura gurasa ya miƙo mini. Kunya ta ishe ni, na yi bisimilla na kai baki. Kifin kuwa ya soyu, har na nemi ƙari.

Gani ya kori ji. Wani dillalin shanu ya tsaya ya tambayi Ɗanjummai nawa ne kashin kifi, wasu suka biyo baya. Kafin la'asar kwandon Ɗanjummai ya ƙare, yana ta cewa alhamdulillahi yana share ido.

Har yau ina gode wa Allah da Ya haɗa ni da Malam Yohanna. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: ƙwaya tana kashe cuta, amma mutum bai gama warkewa ba sai an sa hannu a kwanonsa.