Matar Aure: Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da matata ke ɗauke da cikin fari, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta a Safana ta ce, "In mace aka samu, sunan uwata nake so a sa mata. Sai dai ni ban san sunan ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Ashe da gaske ne. Tana zanen goyo uwarta ta rasu a wani ƙauye kusa da Wagini, mahaifinta kuma bai daɗe ba ya bi ta. Gwaggon da ta raine ta ba ta taɓa kama sunan marigayiyar ba, "amaryarmu" kawai take cewa, har ita ma ta koma ga Allah.

Wani abokina ya ce min akwai tsohon malamin dagaci a Batsari da ke ajiye da takardun ƙidayar gidaje na da. Na sayi sabon littafi da biro har biyu, na hau babur ina jin kaina wani babban mai bincike.

Na tarar da dattijon a zaure. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa sunan kakana da ƙauyensu, ya sa aka jawo akwatin ƙarfe, ya dinga fito da takardu waɗanda gara ta ci gefensu, yana lasar yatsa yana buɗawa. Sai wajen la'asar ya tsaya.

"Ga gidan kakanka nan."

Na leƙa. Ga sunan kakana, manomi. A ƙasa an rubuta matar aure, ɗaya. Jinjira mace, ɗaya.

Na ce, "Baba, ina sunan matar?"

Ya dube ni kamar ya ga wawa. "Ɗana, wa zai tsaya ƙofar gidan mutum ya tambaye shi sunan iyalinsa? Ko ka tambaya ba ya faɗi. Adadi muke rubutawa."

Na ɗauki hoton shafin da waya. Kwana biyu ina yawo a ƙauyen kakan nawa. Wata tsohuwa ta tuna kakar tawa, ta ce doguwa ce, 'yar Zakka ake ce mata. Na je Zakka, ba wanda ya san zancen.

Da na dawo na kasa haɗa ido da mahaifiyata. Na ce, "Inna, ban samo ba." Na faɗa mata abin da ke takardar. Ba ta iya boko ba, amma ta ce, "Nuna min inda take."

Na buɗa hoton, na ɗora yatsanta a kan lambar.

"Ni kuma ina?"

"Ga ki nan a ƙasanta."

Ta bar yatsan a wurin. Sannan ta ce, "Ashe mun taɓa zama gida ɗaya."

Mace aka haifa, muka sa mata sunan mahaifiyata. Yau ita ma Inna ba ta duniya. Na koyi tambayar tsofaffi tun suna raye, na rubuta sunan duk macen da na sani a danginmu. Amma layi ɗaya na nan fayau a littafin. Kullum in na zo yi wa iyaye addu'a, kowa na kama sunansa, ita kuwa sai in ce, "Allah, Kai Ka san sunanta."